Baturan da aka daina cikawa: nazarin faɗuwar ƙarfin wuta a wani kemis

Shagon da kayan da aka haɗa: Agusta 2023

Kemis ne mai lasisi a bakin kasuwar wani gari da ke arewacin jihar Kano. Rufin kwano gare shi, ɗakin ajiyar da ke baya kuma ba shi da silin. Mai shi magidanci ne da ya daɗe a sana'ar, yana da yaron shago guda. Abin da ya sa mutanen garin da ƙauyukan kewaye suka san shi shi ne firij ɗinsa, domin a nan masu ciwon suga ke samun allurar insulin, tare da wasu alluran da ake so su zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8. Da janareta yake riƙe firij ɗin duk lokacin da aka ɗauke wuta, har zuwa ƙarshen watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Bayan ya sha wahalar wata biyu, sai ya saka sola.

An haɗa masa batura biyu na dalma da asid, dogayen nan masu ruwa da ake ce wa tubula, kowanne bolt 12 da amfiya-awa 220 (ma'aunin yawan cajin da batir ke ajiyewa). An sarƙa su da juna suka ba da bolt 24. Sai inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, mai caja a ciki, da fanel biyu masu wat 300 kowanne, da ƙaramar kwantirola mai daidaita cajin da fanel ke tura wa batura, irin mai sauƙin nan da ake kira PWM. Baturan an ɗora su a kan wata kanta a ɗakin baya, kusa da kwano. Wanda ya yi haɗin ya gina lissafinsa ne a kan wutar NEPA za ta riƙa zuwa awa biyar ko shida kullum ta cika baturan, fanel kuma su ɗauki kayan rana.

A takarda, baturan biyu suna ɗauke da wat-awa 5,280, wato bolt 24 sau amfiya-awa 220. Ƙa'idar da masu ƙera irin wannan batir ke bayarwa ita ce kada a riƙa cin fiye da rabi a kullum, wato wat-awa 2,640. Abin da shagon ke ja daga magariba zuwa hantsi a lokacin, firij da fanka biyu da ƙwayayen fitila da abin da ita kanta inbata ke ci, bai wuce wat-awa 1,900 ba. Wata bakwai aka yi ba a ji kukan da inbata ke yi idan batir ya yi ƙasa ba ko sau ɗaya.

Abin da lambobin mita ke nufi

Duk abin da zai biyo baya ya rataya a kan 'yan lambobi, gara a kawo su tun yanzu. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1 idan ya cika. Saboda haka cikakken batir da ya huta, ba a cajinsa ba a kuma jan wuta daga gare shi na wasu awanni, yana nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ya nuna 12.2, an ci kusan rabinsa. Idan ya sauko ƙasa da 12.0 a huce, kaɗan ya rage a ciki. Tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa bai kai bolt ɗaya ba, shi ya sa wanda bai sani ba yake ganin 12 a mita ya ce ai batir ɗin lafiya lau yake, tun da 12 aka rubuta a jikinsa. Lambar 10.5 kuwa ita ce iyakar ƙarshe idan ana jan wuta, daga nan ɓarna ce zalla. A tsarin bolt 24 sai a ninka kowace lamba: 25.3 cikakke, 24.4 rabi, 21.0 iyaka.

Inbatar shagon ta zo daga kamfani a saite ta kashe kanta a 21.0. Ba wanda ya taɓa wannan saitin.

A cikin batir, faranti ɗaya na dalma ne, ɗayan na dalmar da ta haɗu da iskar oksijin, suna nutse a ruwan asid, kuma asalin tsarin bai canza ba tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Idan batir yana ba da wuta, asid ɗin yana barin ruwan ya kwanta a kan farantan a matsayin wani farin gishiri, salfet ɗin dalma, ruwan kuma ya tsinke. Caji shi ke narkar da gishirin ya mayar da asid cikin ruwa. Matuƙar an cika batir da wuri, gishirin mai laushi ne, yana narkewa. Idan aka bar shi kwana da kwanaki ba a cika ba, sai ya daskare ya zama kamar ƙanzon da ya kwana biyu a gindin tukunya, cajin yau da kullum ba ya ɓamɓare shi. Duk inda ya daskare, wannan ɓangaren farantin ya daina aiki.

Firiza da wayar gefe: Maris zuwa Mayu 2024

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, a tsakiyar zafi. Mai shagon ya sayi firiza ta hannu don sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi lokacin shan ruwa, ya jona ta a inbata, tana aiki dare da rana. Ciniki ya yi kyau. Jan dare ya tashi daga wat-awa 1,900 zuwa kusan 3,200, wato kashi 60 cikin ɗari na abin da baturan ke ɗauka ko da sun cika maƙil. Da rana kuma kayan shagon suka koma cin kusan wat-awa 3,000, alhali fanel biyun, a rana mai kyau, abin da suke bayarwa bai fi 2,000 ba. Ranar da NEPA ba ta zo ba, baturan ba sa samun komai, har da tsakar rana ma su ake tatsa.

A cikin watan ne kuma yaron shagon ya fara cajin waya ga 'yan kasuwa. Ya haɗa katako da cajojin mota masu bolt 12, ya ƙara ƙwan fitila guda a ƙofar shago, ya maƙala wayoyin kai tsaye a kan batir ɗaya daga cikin biyun. Abin da yake ja ya kai amfiya-awa 25 a yini. Baturan da aka sarƙa kuwa caji iri ɗaya ke ratsa su, ba yadda za a yi ɗaya ya karɓi fiye da ɗan'uwansa. Wanda aka maƙala wa wayar kullum yana kwana da giɓin da ba a cike masa ba.

Ruwan baturan ya riƙa sauka da sauri a watannin nan. Idan yaron ya ga alamar murfin ta nutse zuwa ja, sai ya fasa fiya wata ya zuba. Sau biyu an tarar da saman farantan a waje, sun bushe.

Alamun farko: Yuni zuwa Satumba 2024

A watan Yuni mai gadin layin ya fara ba da labarin cewa yana jin inbata tana kuka wajen kiran assalatu. Zuwa Agusta, da hadari ya yawaita, kukan ya dawo ƙarfe biyu na dare, kuma da safe ana tarar da ita ta mutu, ƙanƙarar firiza ta fara narkewa. Fanka tana rage gudu duk lokacin da injin firiza ya tashi. Kan batir ɗaya ya tara wani gari fari da shuɗi-shuɗi.

Akwai wata alama da aka fassara a juye. Da, idan NEPA ta kawo wuta, caja kan yi awa biyar ko fiye kafin fitilar cika ta kama. Yanzu cikin awa biyu sai ta kama, allon inbata ya nuna 28 da ɗoriya. Mai shagon ya ɗauka hakan na nufin baturan suna cika da wuri. Duk duban da yake yi wa allon da rana yake yi, lokacin da caji ke shiga, kuma lambar da ake gani a lokacin ta caja ce, ba ta batir ba. Batir da ke cika da wuri ya kuma ƙare da wuri, wurin ajiyarsa ne ya ragu.

Matakin da aka ɗauka a wannan lokaci guda ne: an daina kunna fanka ɗaya da dare.

Duhun Oktoba 2024

Ranar 21 ga Oktoba, 2024, layin wuta mai kilobolt 330 da ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai ya daina ɗaukar wuta, a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake a lalace. Yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Tsarin shagon, wanda tun asali NEPA ce ke cika masa batura, ya koma kan fanel biyu kawai.

An gwada abu biyu. Na farko, aka fito da tsohon janareta ana kunna shi awa ɗaya da yamma, saboda tsadar mai. Da an ga allo ya hau 27 sai a kashe. Cajar inbatar amfiya 20 take turawa, awa ɗaya ke nan amfiya-awa 20, a baturan da aka kwashe wa fiye da 130. Lambar da ke hawa da sauri cajin saman faranti ne, da an jona kaya take zubewa cikin 'yan mintuna.

Na biyu, wani mai gyaran wutar gida da ke layin ya shiga saitin inbata ya sauke iyakar kashewa daga 21.0 zuwa 20.0, don ta daɗe kafin ta mutu. A daren farko an samu ƙarin kusan minti arba'in. Zuwa ƙarshen makon ƙarin ya ɓace, inbata ta koma mutuwa kafin sha biyun dare, wani lokaci ta kwana a mace har rana ta take.

Mai shagon ya kwashe alluran ya zuba a kula da ƙanƙarar da yake sayowa, daga baya ya daina saro insulin gaba ɗaya. Masu ciwon suga da suka saba da shi suka koma hawa mota zuwa birni. Wannan ya fi komai damunsa, ya kuma faɗa mini haka da bakinsa daga baya, lokacin da aka kira ni in duba baturan.

Canjin asid: Nuwamba 2024

Da wuta ta dawo baturan ba su farfaɗo ba. Aka ɗauke su a kura zuwa wurin mai cajin batir na tasha. Ya juye ruwan cikinsu, ya ɗauraye, ya zuba sabon asid mai ƙarfi, ya sa su a caji kwana ɗaya. Da aka ɗora mita kowanne ya nuna 12.7, aka dawo da su ana murna.

Ƙarfin da mita ke nunawa a batir mai hutawa yana bin kaurin asid ɗin da ke ciki ne. Idan aka zuba sabon asid, lambar za ta hau ko da farantan sun mutu. Asid ɗin asali bai je ko'ina ba, yana nan daskare a jikin farantan, sabon da aka ƙara kuma ya sa ruwan ya fi ƙarfin da aka tsara, yana cin ƙarfen da ke riƙe da farantan. Dare huɗu aka samu sauƙi kaɗan. Kafin watan ya ƙare batir ɗin da ake cajin waya da shi ya fara zafi a gefe ɗaya, jikinsa ya ɗan kumbura.

Sabon batir guda: Disamba 2024

Dillalin da ya sayar da baturan ya ƙi karɓar maganar garanti, saboda an canza ruwan. Mai shagon ya sayi sabon batir ɗaya mai girma iri ɗaya ya maye gurbin wanda ya kumbura, ya bar ɗayan tsohon. Yaron shago ya mayar da wayoyin cajinsa kan sabon, a ganinsa shi ya fi ƙarfi.

Mako biyu inbata tana kai ƙarfe uku na dare. Zuwa tsakiyar Janairun 2025 ta koma mutuwa ƙarfe goma sha ɗaya.

Awo: Fabrairu 2025

A nan aka kira ni. Da na isa, maganar farko da mai shagon ya yi ita ce, "Injiniya, jabun batir aka sake sayar min." Na ce masa, "Alhaji, a ba ni dare da yini tukuna, kada a canza komai, a yi aiki yadda aka saba." Na auna kowane batir shi kaɗai a lokuta uku, maimakon dogaro da jimillar da ke allon inbata.

Da azahar, NEPA ta kawo wuta, caji na shiga: jimilla 28.6. Tsohon batir 15.2, yana tafasa har ana jin ƙararsa, sabon 13.4. Tsohon ya toshe, da an tura masa caji sai lambarsa ta yi sama, caja ta ga jimilla ta kai ta rage wuta, sabon kuma bai kai ko kusa da 14.4 da yake buƙata ba.

Da dare, awa biyu bayan magariba, firij da firiza suna aiki: jimilla 22.1. Tsohon 10.0, sabon 12.1. Allon inbata bai kai ga yin kuka ba, amma batir ɗaya ya riga ya wuce iyakarsa.

Da asuba, bayan inbata ta mutu baturan sun huta awanni: tsohon 12.4, sabon 12.1. Wanda ya tsaya a wannan awon kaɗai zai ce tsohon ne mai lafiya. Asid ɗin da aka ƙara masa a Nuwamba ne ke ɗaga lambar.

Na zuƙo ruwan kowane ɗaki da ma'aunin kauri, bututun gilashin nan mai robar matsawa a kai. A sabon batir duk ɗakuna shida suna tsakanin 1.175 da 1.185, ruwan garau, alamar yunwar caji ce kawai. A tsohon lambobin sun warwatse daga 1.200 zuwa 1.250, ruwan ɗakuna biyu kuma ya yi ruwan ƙasa-ƙasa saboda ɓurɓushin faranti da ya zube.

Sauran abubuwan da aka samu: tsakanin kan batir da bakin inbata ana asarar rabin bolt idan injin firiza ya tashi, saboda siririyar waya da kan batir da ya ci tsatsa ya kuma saki. Fanel ɗin ba a taɓa goge su ba tun shigowar hunturu, na ja yatsa a kai ya bar layi. Bayan an wanke su, abin da suke turawa da tsakar rana ya tashi daga amfiya 9 zuwa 13. Zafin kan kantar da baturan suke, da ƙarfe biyu na rana, digiri 41, tun bazara ba ta kankama ba. Ana auna rayuwar irin wannan batir ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage ta da kusan rabi.

Sai gwajin ƙarshe, wanda shi ne ba ya ƙarya. Aka cire kowane batir aka caje shi shi kaɗai da caja mai bolt 12. Sabon an kai shi 14.6 aka riƙe shi a nan har abin da yake karɓa ya sauko ya tsaya, sannan aka ɗaga zuwa 15.5 na awa biyu, murafu a buɗe, a sarari, ba mai shan taba kusa, domin iskar da ke fita tana kama wuta. An maimaita haka washegari, kaurin ruwansa ya hau 1.240. Daga nan aka ja amfiya 11 daga kowannensu har ya sauko 10.5. Lafiyayyen batir mai 220 zai yi awa 20. Sabon ya yi awa 17. Tsohon bai cika awa 4 ba.

Gyara: Maris 2025

Tsohon batir an sallame shi. Na roƙi mai shagon ya sayar da shi a rufe da ruwansa, kada a bari a juye asid ɗin a kwata ko a fasa shi a bayan shago inda yara ke wasa. A Thiaroye-sur-Mer da ke wajen birnin Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalmar da ake cirowa daga tsofaffin batura a cikin unguwa.

An sayi sababbin batura biyu, kamfani ɗaya, zubi ɗaya, aka cika kowanne shi kaɗai kafin a sarƙa su. Batir ɗin Disamba bai tafi a banza ba: an ware shi da ɗan fanel nasa da tsohuwar kwantirolar, shi ke ɗauke da cajin wayar yaron da fitilar ƙofa. Babu sauran wata waya da ke maƙale a kan rabin tsarin.

An ƙara fanel huɗu suka zama shida, wat 1,800, da kwantirola mai amfiya 60 irin ta MPPT, wadda ta fi PWM tatso wuta daga fanel. Mai shagon ya ja da wannan, a ganinsa batura ne matsalarsa ba fanel ba, har sai da aka zauna aka rubuta masa abin da ke fita da abin da ke shiga a yini. Kuɗin fanel huɗun bai kai na batura biyun ba. Yanzu bayan an ɗauke kayan rana, amfiya 20 zuwa 30 ke shiga baturan, kuma ƙa'ida ita ce caji ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin goma na girman batir, wato amfiya 22 ga mai 220.

Firiza an sa mata taima, tana aiki daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, an cika ƙasanta da robobin ruwa don su riƙe sanyi. Jan dare ya dawo ƙasa da wat-awa 2,000. Iyakar kashewa an ɗaga ta zuwa 23.2. Cajin cikawa an saita shi a 28.4 saboda zafin wurin, na riƙewa a 27.0. An sauko da baturan ƙasa a kan katako, a kusurwar da ke da tagar iska. An canza wayoyin zuwa masu kauri, aka kankare kan baturan da ruwan ɗumi da bekin soda, aka ɗaure da sifana aka shafa basilin. Aka ajiye jarkar tataccen ruwan distil, aka hana zuba wani abu dabam.

Sannan aka saya wa yaron ƙaramar mita da littafi. Kullum da ya buɗe shago, kafin rana ta hau kan fanel, zai kashe kaya na rabin awa ya rubuta lambar kowane batir daban. Idan ɗaya ya sauka ƙasa da 12.2, ko bambancinsu ya wuce 0.2, a kira ni. Goge fanel duk Juma'a da safe, duba ruwa duk mako biyu a bazara.

Abin da littafin ya nuna: Afrilu zuwa Disamba 2025

Daga Afrilu zuwa Yuli lambobin asuba sun tsaya tsakanin 12.3 da 12.4 a kowane batir. Inbata ba ta mutu ba. A watan Mayu mai shagon ya dawo da saro insulin.

A Agusta an yi kwana uku a jere ana hadari, NEPA kuma ba ta leƙo ba. Littafin ya nuna 12.3, sai 12.2, sai 12.0. A rana ta uku aka kashe firiza, aka kunna janareta awa biyar har caja ta kai 28.4 ta zauna a kai. Washegari lambar ta koma 12.4. A Oktoba bambancin baturan ya kai 0.3, aka samu kan batir ɗaya ya saki, aka ɗaure aka yi cajin daidaitawa, wato dogon cajin da ke kawo baturan daidai da juna. A Disamba na maimaita gwajin amfiya 11: ɗaya ya yi awa 19, ɗayan ya ɗan haura haka.

Hukunci

Baturan farko ba jabu ba ne, na Disamba ma haka. Abin da ya kashe su shi ne wata takwas da suka yi ana kwashe musu fiye da abin da ake mayarwa, tun daga ranar da firiza ta shigo. Duhun Oktoba ya ƙarasa aikin da ya riga ya yi nisa. A ganina babban laifin yana kan haɗin farko: tsarin da aka kira sola amma cikar baturansa ta dogara da NEPA, kuma ba a gaya wa mai shi iyakar abin da zai iya jonawa ba. Mutum ya biya kuɗi masu yawa, haƙƙinsa ne a rubuta masa wannan a takarda a manna kusa da inbata.

Duk matakan da suka gaza abu ɗaya suka haɗa, kowannensu lambar da ke allo ya yi wa aiki. Janareta na awa ɗaya ya ɗaga ta na ɗan lokaci, sauke iyaka ya hana inbata ganin ta, sabon asid ya ɗaga ta a ƙarya, sabon batir guda ya ɓoye mataccen a cikin jimilla. Cikinsu canjin asid ne na fi jin ciwonsa, domin shi ya rufe ƙofar ceto. Batir ɗin da ba a maƙala wa waya ba, ina kyautata zaton da an yi masa dogon caji shi kaɗai a farkon Nuwamba da ya dawo da wani kaso mai amfani, kamar yadda na Disamba ya dawo da awa 17.

Cikin gyare-gyaren kuma ba duka ke da nauyi ɗaya ba. Ƙarin fanel da cire firiza daga dare su ne suka rufe giɓin, da an yi su a Yunin 2024 lokacin da mai gadi ya fara jin kuka, da baturan farko suna nan. Ɗaga iyakar kashewa kariya ce ta ranar da lissafi ya ƙwace. Littafin asuba kuwa shi ya kama matsalar Agusta a rana ta uku da ta Oktoba tun tana 0.3.

Rauni ɗaya ya rage. Ɗakin bayan har yanzu ba shi da silin, kuma ko a ƙasa zafin wurin baturan yana kai digiri 36 a watan Afrilu, don haka ba na sa ran za su kai shekarun da aka rubuta a takardarsu. Mai shagon ya ce zai sa silin kafin bazara mai zuwa, kuma mun tsayar da sake gwajin amfiya 11 a ƙarshen watan Mayu.